Kwana 9 bayan tiyatar kai maigidana bai gane ni ba tukuna, me zan sa rai?

Maman Biyu

Assalamu alaikum. Daga bakin ɗakin da maigidana yake kwance nake wannan rubutu, don na rasa wanda zan tambaya a nutse.

Yau kwana 9 da ya faɗo daga kan tsani yana gyaran rufi. Shekarunsa 41, ba shi da hawan jini, ba ya shan wani magani. Gefen kansa na hagu ne ya bugi ƙasa. Da farko yana nishi yana magana sama-sama, amma a cikin mota ya yi amai sau biyu, kafin mu isa asibiti ya daina amsa kira. Aka yi masa hoton cikin kai da ake kira CT, likita ya ce jini ya taru a ƙarƙashin tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, kaurinsa milimita 14, har ya ture ƙwaƙwalwar gefe da milimita 8. Na ji suna cewa makinsa 9 da muka zo, ya sauka zuwa 7, kuma ƙwayar idonsa ta hagu ta fi ta dama buɗewa. A daren aka shiga da shi tiyata, wajen awa 3 bayan faɗuwar.

Sun cire wani ɓangare na ƙoƙon kansa ba su mayar ba. Ya yi kwana 5 a kan na'urar numfashi, yanzu yana numfashi da kansa. Yana buɗe ido, wani lokaci in na ce ya matse hannuna yakan matse da hannun hagu, na dama kuwa da ƙyar yake motsi. Maganarsa ba ta fita daidai. Jiya ya kalle ni ya kira sunan ƙanwarsa. Da dare yana fizge-fizge yana son cire robar hancinsa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Don Allah duk wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya. Me ya sa ba a mayar da ƙashin ba? Wannan ruɗewar haukacewa ce, kamar yadda wasu dangi suka fara raɗawa? In na tambayi likita sai ya ce mu jira. Ɓoye mini wani abu yake yi, ko da gaske ba a sani ba?

Nas ɗin Dare

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Na daɗe ina aiki a sashen masu raunin kai, zan gaya miki abin da na sani, amma ki riƙe cewa likitan da ya buɗe kan nan ya gani da idonsa ya fi ni sanin halin mijinki.

Bari in fara da ƙashin. Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. In ƙwaƙwalwa ta bugu sai ta kumbura, kamar yadda ƙafa ke kumbura in an gurɗe, to amma ita ba ta da inda za ta faɗaɗa. Matsin sai ya hana jini mai kyau shiga, ya danne tushen ƙwaƙwalwa da ke riƙe da numfashi. Kumburin yakan tsananta ne a kwanakin farko bayan rauni. Shi ya sa in likita ya kwashe jinin ya ga ƙwaƙwalwar ta taso, sai ya bar mata wurin a buɗe, ya ɗinke fata kawai. Ƙashin ana ajiye shi a na'urar daskarewa, wasu asibitoci kuma a ƙarƙashin fatar cikin mara lafiyar, ko a yi masa na roba ko na ƙarfe daga baya. Ana mayarwa bayan makonni ko 'yan watanni, in kumburi ya sauka kuma babu ƙwayar cuta. Kafin nan kar ya kwanta a kan gefen, kar kowa ya danna wurin, in ya fara tashi a tambaya ko zai sa hular kariya. Za ki ga wurin ya loɓa nan gaba, wannan ba abin tsoro ba ne shi kaɗai. Abin da za ki kira ma'aikatan jinya a kai nan take shi ne in wurin ya ƙara tasowa ya yi tauri, ko yana fitar da ruwa, ko barci ya fara rinjayarsa fiye da jiya.

Makin da kika ji ma'aunin Gilasgo ne, wanda likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fitar a 1974. Ana duba buɗe ido, magana da motsi, a haɗa daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Don haka ba zan rufe miki ba, na maigidanki mai tsanani ne. Kuma irin jinin da kika kwatanta, wanda ke taruwa nan take a ƙarƙashin tantanin, ya fi nauyi a kan wanda ke taruwa tsakanin ƙashi da tantanin, domin yawanci ita kanta ƙwaƙwalwar da ke ƙasa ta ji rauni. Ƙa'idar da likitocin tiyata ke bi ita ce a yi aiki in kaurin jinin ya wuce milimita 10 ko turewar ta wuce milimita 5. Nasa ya wuce duka biyun, to shiga tiyata a daren ita ce daidai. Tiyatar ta ɗauke nauyin da ke danne ƙwaƙwalwar. Raunin da ke cikin naman ƙwaƙwalwar kuwa babu wuƙar da ke gyara shi, da kansa yake warkewa gwargwadon abin da zai iya.

Yanzu ga abin da ke gefensa. Shekara 41 ba tsufa ba ne, kuma shekaru na cikin manyan abubuwan da ake dubawa. An yi aikin da wuri. Ya sauka daga na'ura a kwana 5. Abin da ya fi faranta mini rai a rubutunki shi ne yana matse hannu in an ce ya matse, wato yana bin umarni, ko da ba kullum ba. Mu a wurin aiki wannan muke jira. Ki gwada ce masa ya saki kuma, ko ya nuna yatsu biyu, don matsewa kaɗai wani lokaci hannu ne ke yi da kansa.

Ruɗewar ba hauka ba ce, ki faɗa wa dangi haka da ƙarfin zuciya. Mataki ne da yawancin masu tashi daga doguwar suma ke bi. Ƙwaƙwalwar ta farka amma ba ta fara ajiye sabon abu ba. Duk lokacin da ya buɗe ido bai san inda yake ba, bai san me ya sa roba ke hancinsa ba, abin da aka faɗa masa minti 10 da suka wuce ya goge. Kowa aka sa a wannan hali zai yi fizge-fizge. Ƙari a kan haka, a yawancin mutane ɓangaren hagu ne ke riƙe da harshe kuma shi ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ya sa hannun dama da magana suka taɓu tare. Yana iya yiwuwa ya san ke ce, sunan ne ya fito ba daidai ba. Na sha ganin haka.

Abin da za ki iya yi a bakin gado: mutum ɗaya ko biyu kawai a lokaci guda, murya ƙasa-ƙasa, gajeriyar magana. Ki riƙa faɗa masa ke wace ce, ina yake, wace rana ce. Kar a riƙa yi masa jarrabawar "wane ne wannan?", tana tayar masa da hankali. Kar a ba shi ruwa ko abinci ta baki sai an gwada haɗiyarsa, don shaƙewa na kawo ciwon huhu, kuma ciwon huhu na cikin abin da ke mayar da irin waɗannan marasa lafiya baya. A bar kan gadon a ɗage kamar yadda ma'aikatan jinya suka saita, wajen digiri 30. A riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya.

Game da "mu jira", a ganina gaskiya ya faɗa miki. A kwana 9 babu mai iya cewa ga inda zai tsaya. Amma akwai tambayoyin da za su ba ki amsa fiye da "zai warke?". Ki tambaya: hoton da aka sake bayan tiyata ya nuna turewar ta koma? Akwai ƙujewa ko jini a cikin naman ƙwaƙwalwar kanta? Ƙwayar idon hagu ta dawo tana amsa haske? Ya yi farfaɗiya? Yaushe masu gashi, wato masu motsa wa mara lafiya gaɓoɓi, da masu koyar da magana za su fara zuwa?

Wanda Ya Tashi

Sannu Maman Biyu, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ni abin ya same ni da kaina, shekara 4 da suka wuce, ina da shekara 26. Nawa ba irin na maigidanki ba ne, ina faɗa tun farko don kar in ba ki ma'aunin da ba naki ba. Haɗarin babur na yi, ƙashin gefen kaina wajen kunne ya tsage ya yanke jijiyar jinin da ke ƙarƙashinsa, jinin ya taru tsakanin ƙashi da tantani. Na suma na ɗan lokaci, na tashi garau, har na ce a kai ni gida. Bayan kamar awa 2 ciwon kai ya taso mini irin wanda ban taɓa ji ba, daga nan ban san komai ba. Daga baya likita ya ce wannan tashi garau ɗin sananne ne a irin wannan zubar jinin, kuma shi ke yaudarar mutane su koma gida su kwanta. Yayana ne ya ƙi yarda, ya dage sai an yi hoto. Shi ne sanadin rayuwata.

Abin da nake so ki ji shi ne wannan. Kwana 12 na farko babu su a kaina har yau. An ce na zagi mahaifiyata, na ce ban san ta ba, na yi ta ƙoƙarin sauka daga gado. Ban tuna ko ɗaya ba. Ta riƙe abin a ranta wata da watanni tana tunanin akwai wani abu da na ɓoye a zuciya game da ita, alhali babu komai. Don Allah duk abin da ya faɗa miki a kwanakin nan kar ki ajiye shi.

Na koma aiki bayan wata 5, rabin yini da farko. Jiki ya riga kai warkewa, kuma a nan mutane ba su fahimce ni ba. Ina tafiya da ƙafata, tabon ya ɓuya a gashi, kowa na cewa ai ka warke. Amma in mutum uku suna magana lokaci ɗaya sai kaina ya cushe. Gajiya ta kan kama ni da rana tsaka kamar an zare mini laka. Ƙamshi da wari sun ɗauke mini, har yau ba su dawo duka ba. Wajen wata na 4 baƙin ciki ya rufe ni, na yi ta ɓoyewa, sai da na faɗa wa likita aka taimaka mini. In ya kai wannan matakin ki sa ido, maza ba mu cika faɗa ba.

Ɗan Dattijo

Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Ba ni da abin ƙarawa a kan bayanin malama nas game da maigidanki. Ina so in ajiye labarin mahaifina ne saboda masu karantawa da ke da tsofaffi a gida.

Baba yana da shekara 74, yana shan warfarin, maganin tsinka jini, saboda bugun zuciyarsa. Ya zame a banɗaki ya bugi kai, ko jini bai fita ba, ya ce ba komai. Bayan mako 5 sai ya fara jan ƙafa ɗaya, yana mantuwa, yana yawan barci, kofi na faɗuwa daga hannunsa. Mu duka muka ce tsufa ne, ni har na fara tunanin shanyewar ɓarin jiki. Babu wanda ya tuna faɗuwar. Da aka yi hoto sai ga tsohon jini kwance a gefen ƙwaƙwalwa. Likita ya bayyana mana cewa ƙwaƙwalwar tsoho tana ɗan tsukewa, ƙananan jijiyoyin da ke tsakaninta da tantani sai su miƙe, ƙaramin bugu ya isa ya tsinka su, jinin ya riƙa tsatsa a hankali. Maganin tsinka jini kuma ya ƙara wa abin ƙarfi.

Sai da aka ba shi bitamin K da wani ƙarin magani don jininsa ya koma daskarewa, sannan aka huda ƙananan ramuka biyu a ƙoƙon kai aka wanke jinin, aka bar siririyar roba kwana 2 tana tsiyayar da saura. Washegari ya kira sunana daidai, na fita waje na yi kuka. An gargaɗe mu cewa irin wannan yakan dawo a wajen mutum 1 ko 2 cikin 10, kuma nasa ya dawo bayan mako 3, aka sake aikin. Yanzu yana tafiya da sanda, hankalinsa ya dawo kusan yadda yake.

Darasi biyu na ɗauka. Tsoho mai shan warfarin, asfirin ko makamancinsu in ya bugi kai a kai shi asibiti ranar, ko da yana dariya. Kuma kar a mayar da shi kan maganin ko a dakatar da shi da ka, likitan zuciya da na ƙwaƙwalwa ne za su yanke ranar tare.

Yayar Mai Jinya

Ƙanwata, sannu. Na karanta duka, kuma zan faɗa miki ɓangaren da ni ba a faɗa mini ba.

Ƙanena raunin da ya samu ya yi kama da na maigidanki, an cire ƙashi, an mayar bayan wata 4. Yau shekara 3. Yana raye, yana ci da kansa, yana wanka da kansa, ya san kowa, yana wasa da 'yarsa. Bai koma aikinsa na da ba, kuma mun daina jiran hakan. Hannunsa na dama bai dawo da ƙarfinsa duka ba. Kalma takan ɓace masa a tsakiyar zance. Yana saurin fushi, abin da ba halinsa ba ne, in ya huce kuma ya fi kowa jin kunya. A wata na 8 ya yi farfaɗiya karon farko, tun lokacin yake kan magani kullum, kuma ba ya tuƙi.

Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba. Na faɗa ne domin kowa ya riƙa ce mana ko dai zai warke sarai ko kuma a haƙura, alhali yawancin waɗanda muka haɗu da su a wurin gashi a tsakiya suke. Watanni 6 na farko ne muka ga canji mai sauri, kusan kowane mako da sabon abu. Daga nan abin ya koma tafiyar hawainiya, amma bai tsaya ba. A shekara ta biyu ne ya fara karanta saƙon waya da kansa.

Kuskuren da na yi, na ɗauka gashi sai an sallame shi za a fara. A'a, tun yana gado ake farawa, a riƙa miƙe masa hannun da ƙafar kullum don kar gaɓoɓin su ƙage. Ki roƙi mai gashin ya koya miki da hannunki. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana da kwanan wata. Ranar da kika ji kamar ba a ci gaba, ki buɗe shafin mako 2 baya. Sannan ki samu wanda za ku riƙa karɓa-karɓa, ki je ki yi barci, ki ga yaranki. Ni na kwanta ciwo a wata na biyu saboda na ƙi barin kowa ya karɓe ni, kuma hakan bai amfane shi da komai ba.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Yaya, maganarki ta yi mini nauyi amma na fi son ta a kan a rarrashe ni.

Anti nas, na kai wa likita tambayoyin da safe, ya zauna ya amsa mini. Turewar ta koma kusan tsakiya. Akwai ƙujewa a ɓangaren hagu wajen kunne, ya ce ita ce ta taɓa maganar. Idon yana amsa haske tun kwana na 2. Bai yi farfaɗiya ba, sun ba shi maganin kariya na kwana 7 sun tsayar. Saura tambaya biyu. Wani ɗan'uwansa ya ce akwai allurar rage kumburi ta sitiroyid da ya kamata a yi masa, me ya sa ba a yi ba? Kuma in yana riƙe kai alamar ciwo, zan iya ba shi maganin ciwon kai na gida?

Nas ɗin Dare

Alhamdulillahi, amsoshin nan masu daɗi ne, musamman na idon.

Sitiroyid yana rage kumburin da ƙari ke kawowa a ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutane ke ɗauka zai yi aiki a kumburin rauni ma. A raunin kai kuwa an gwada shi a babban bincike na mutum wajen 10,000 da aka fitar a 2004, aka ga waɗanda aka ba sun fi mutuwa, daga nan aka daina. Abin da muke amfani da shi in matsi ya hau shi ne wani magani da ake kira manitol ko ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, da kuma buɗe ƙashin da aka riga aka yi masa. Ba a tauye shi komai ba.

Maganin ciwo kuma kar ki ba shi komai daga jakarki, ki kira mu. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol aka fi bayarwa, shi ma a cikin lissafinmu, ta robar, in ba a gwada haɗiyarsa ba tukuna.

Maman Biyu

To, na ji. Na kwashe magungunan daga jakata na ba ƙanwata ta tafi da su gida. Mai gashi ya zo da rana ya nuna mini yadda zan riƙa buɗe yatsun hannun daman ina miƙe gwiwar hannun, sau 3 a rana. Na ce wa maigida ya nuna mini yatsu biyu, bai yi ba. Da yamma na sake gwadawa, ya ɗaga biyu na hagu ya riƙe su na ɗan lokaci. Na rubuta a littafin, kwana na 10. Yayansa zai kwana da shi yau, ni zan je in ga yara.